Igiyar Wule

Duk wanda ya saba bin hanyar Adabka ya san rugar Labbo, domin tana cikin 'yan rugagen da ba sa tashi rani da damina. Bukkoki ne 'yan kaɗan da ɗakin laka mai rufin kwano, sai gonar dawa a baya, da wata tsohuwar tsamiya da ake ɗaure maruƙa a gindinta. Mai rugar dogo ne siriri, ya haura sittin, ba ya saurin tafiya kuma ba ya saurin magana. Idan aka tambaye shi yawan shanunsa sai ya yi murmushi ya kawo zancen ruwan sama, kamar yadda kowane makiyayi yake yi. Amma idan aka nuna wata saniya mai tsaga a kunnen hagu aka ce ta waye, nan take yake amsawa: "Wagga ta Halliru ta." Sama da shekara talatin yana ba da wannan amsa, kuma yawancin masu tambayar ba su taɓa sa Halliru a ido ba.

Halliru taubashinsa ne, ɗan goggonsa Inno, wadda ta auri wani tela a cikin garin Gummi. Tun suna yara ba su da aiki sai tsokanar juna. Labbo ɗan namiji ne, Halliru ɗan mace, don haka bisa al'adar taubasantaka yake kiran Halliru bawansa, shi kuma Halliru ba ya ce masa komai sai Bahillacen daji.

A farkon shekarun tamanin cutar bushiya ta shiga garken mahaifin Labbo, ba ta bar ko maraƙi ba. Tsohon bai daɗe a bayan shanunsa ba. Labbo, wanda bai jima da auren matarsa Dija ba, ya wayi gari da sanda a kafaɗa babu abin korawa. Ya taka har Gummi yana tunanin ko zai sami aikin dako a kasuwa. A can ya tarar da Halliru yana haɗa kaya. Goggo Inno ta rasu shekara guda kafin nan, shi kuma ya ji labarin ana neman direbobi a Jidda, ya ƙudurta idan ya sauke farali ba zai dawo da alhazai ba. A bayan gidan akwai wata karsana bokolo mai farin goshi da tsohuwar ta bari. Da dusa da harawa aka rene ta a ɗaure, ba ta taɓa cuɗanya da garke ba, shi ya sa cutar ta tsallake ta.

Halliru ya kwance igiyarta daga turke ya miƙa wa Labbo.

"Karɓi, kada a ce ubangidana na dako ina raye."

Labbo bai miƙa hannu ba. "Kyauta ko mi?"

"Yadda kuka yi a ruga. Mi ne ne sunanta ma?"

"Haɓɓanaye."

"To ita."

Sai a lokacin ya karɓa. Haɓɓanaye tsohuwar al'adar makiyaya ce ta tayar da wanda ya faɗi. Mai saniya zai damƙa wa wanda ya rasa garke igiyarta, ya tafi da ita ya kiwata. 'Ya'ya uku na farko da za ta haifa nasa ne halak malak. Bayan ta yaye na uku sai ya koro ta da ƙafarta har ƙofar mai ita, ya mayar masa da igiyar hannu da hannu. Ba a aika ta da wani, ba a kuma mayar da kuɗinta. Wanda ya karɓi irin wannan saniya yana kula da ita fiye da tasa, domin mutuncinsa ne yake yawo da ƙafa huɗu.

Labbo ya sa mata suna Wule, wato mai farin goshi da Fulatanci. Ta haifa masa mata biyu da namiji ɗaya, kuma daga waɗannan ne garkensa ya sake tashi. Da ta yaye na uku ya koro ta zuwa Gummi kamar yadda ya kamata, ya tarar da gidan tela a kulle, mai igiya yana bayan teku. Ya juyo da ita. Daga ranar, duk abin da Wule ta haifa ba nasa ba ne, kuma duk abin da 'ya'yan nan suka haifa ba nasa ba ne. Ya riƙa tsaga musu kunnen hagu. Nononsu Dija takan tatsa ta sayar, wannan ladan kiwo ne, amma ko a shekarar da fari ya sa ya sayar da rabin nasa don ya sayi hatsi, bai taɓa kai mai tsagaggen kunne kasuwa ba. Wule ta tsufa ta mutu a gindin tsamiya. Ya kwance igiyar daga wuyanta ya rataye a cikin ɗaki.

Kafin wayar hannu ta iso, da kaset suke zance. Duk shekara Labbo yakan je Gummi ya nemi mai rakoda, ya zauna ya faɗi wadda ta haihu da wadda ta yi ɓari, ya rufe da cewa, "Bawa, ka taho ka amshi igiyarka." Ya ba wani maniyyaci. Bayan hajji kaset zai dawo tare da dabino da jarkar zamzam, muryar Halliru tana dariya: "Bahillace, na bar maka su duka. Mi zan yi da saniya a Jidda, in sa ta a bayan mota?" Labbo yakan saurara har ƙarshe, ya ci dabinon, ya ci gaba da tsaga kunne. A ganinsa abin da aka ƙulla da hannu ba a kwance shi da murya.

A can Jidda rayuwa ta karɓi Halliru. Ya yi shekaru yana tuƙa motar wani kamfanin kayan gini, ya auri wata 'yar Gummi da ya tarar a can, suka sami ɗa ɗaya, Sufyanu. Da aka fara ba ma'aikata katin inshorar lafiya, shi ma kamfani ya yi masa. Ciwon suga ya kama shi yana kusa da sittin, amma bai dame shi ba: ya nuna kati, likita ya duba shi, a ba shi allurarsa ya koma gida. Yakan kira Labbo ya yi masa burga.

"Nan ko atishawa ka yi, kati za ka nuna."

"Katin nan haihuwa shika yi?"

"Kai komai sai ya haihu."

Matarsa ta rasu. Bayan haka kamfani ya sallame shi saboda shekaru, katin kuma ya tafi tare da aikin. Sufyanu, wanda yake aiki a wani shagon sayar da tayoyi, ya mayar da takardar zaman mahaifinsa ƙarƙashin sunansa, ya shiga neman yadda zai yi masa inshora da kansa. Abin da ya gano bai yi masa daɗi ba. Akwai mai araha, wadda ba ta wuce ta cika sharaɗin sabunta takarda ba, ƙananan asibitoci kaɗai take buɗewa. Akwai mai kyau, amma da mutum ya faɗi shekarun tsohon sai kuɗin ya tashi sama, da ya ambaci suga sai ya ƙara tashi, kuma wani wakilin kamfani ya gaya masa a fili cewa ba kowane tsohon ciwo za su ɗauka ba. Ya sayi mai arahar. Suka lallaɓa a haka har wani ɗan ƙaramin rauni ya fito a yatsan ƙafar Halliru ya ƙi warkewa.

A bazarar dubu biyu da goma sha biyar wayar Labbo ta yi ƙara yana kan tudun da ake samun sabis a bayan ruga. Sufyanu ne, da Hausarsa mai gauraye da Larabci. Bayan doguwar gaisuwa ya zo kan magana.

"Baffa, ƙafar Baba ta yi tsanani. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma katin da muke da shi ba zai ɗauka ba. Ya gaya mini yana da shanu a wajenka. Ina so a sayar a turo kuɗin, a yi aikin, sauran in saya masa inshora mai kyau."

"Inshorar ta shekara nawa ta?"

"Ɗaya. Duk shekara ake sabuntawa."

"In shekara ta ƙare bai yi ciwo ba, suna maido wani abu?"

"A'a, Baffa, ba haka take ba."

"To baɗi mi za a sayar?"

Sufyanu ya ce baɗi tana hannun Allah, yau ake magana.

"Gaskiyarka, ɗana. Amma shanun ga ba ni iya sai da su. Haɓɓanaye ta. Sai ubanka ya amshi igiya da hannunai, sannan in ya so ya yanka su duka a rana ɗaya."

Aka ba Halliru wayar. Muryarsa ta yi rauni amma tsokanar tana nan.

"Bahillace, kai da na ce na bar maka ka ƙi, yanzu na ce ka sayar ka ƙi. Wai shanun nawa ne ko naka?"

"Naka na. Taho ka amsa."

"Da wace ƙafa? Kuma ka sani sarai in na fita ƙasar ga a shekaruna ba ni dawowa. Uwar Sufyanu na nan kwance. Ni ma nan nika son a rufe ni, kusa da Ɗakin Allah."

"Allah na nan Gummi ma."

Halliru ya kashe wayar.

Labbo ya sauko daga tudu ya zauna a gindin tsamiya. Dija, wadda ta ji rabin zancen daga bakin murhu, ta zo ta tsaya a kansa da ludayi a hannu. Shekara talatin da 'yan kai tana tatsar shanun Halliru, ta san su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta saba sa baki a maganar garke ba.

"Malam, mutum ƙafarsa na ruɓewa kana zancen igiya?"

"Ba ni na aje al'adar ba."

"Wanda ya aje ta bai san jirgin sama ba. Da shanun da mai su, wa ya fi?"

Labbo ya yi kwanaki yana juya abin. Ya je wajen wasu dattawan rugage biyu, ɗaya ya ce lalura ta halatta, ɗaya ya ce bai taɓa jin an yi ba. Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba. A shekarun nan ɓarayin shanu sun fara kwashe garkuna a dazukan gabas, kowane mako da labarin da ake kawowa. Kullum ya kora shanu kiwo sai ya ji kamar ya ɗauko ƙwaryar wani cike da nono yana tafiya a kan santsi. Yana so ya sauke amanar nan, amma yana so ya sauke ta yadda aka ɗora masa. Kuma ya san idan ya sayar da su aka zuba a katin shekara ɗaya, baɗi Halliru zai wayi gari tsoho, baƙo, ba kati ba saniya.

Ranar kasuwa ya tashi ya ɗaura igiya a wuyan bijimansa biyu na huɗa. Jikokin jikokin Wule ne ta wajen 'ya'ya ukun farko, nasa ne ba gardama, kuma su ne suke ja masa garma tun da gwiwoyinsa suka fara ciwo. Dija ta bi shi da ido har ya ɓace. Ya sayar da su a Gummi, ya kai kuɗin wajen wani ɗan kasuwa mai hulɗa da Jidda, ya ce a ba Sufyanu, a gaya masa na aikin ƙafa ne.

An yi aikin, amma jinkirin ya riga ya yi ɓarna. An cire wa Halliru yatsu biyu, kuma likita ya ce da an zo da wuri da wataƙila ɗaya ne. Sufyanu ya faɗa wa Labbo haka a waya ba tare da ya sassauta ba. Labbo ya ce, "Na ji." Har yau idan zancen ya taso ba ya kare kansa.

Halliru ya ɗauka taubashinsa ya sauko ne ya sayar da wasu daga cikin masu tsagaggen kunne. Sai da damina ta kankama wani mutumin Adabka da ya je umara ya biya ya gaishe shi, a cikin hira ya ce ai ya bar Labbo yana huɗa da hannu, shi da garmar hannu a cikin gona kamar saurayi, ga bijimai ƙosassu a garke amma ya ce ba nasa ba ne.

Halliru ya sa aka kira masa shi.

"Wane irin taurin kai ne wannan? Ka kama bijimai biyu cikin nawa ka yi huɗa."

"Ba a ba ni su don huɗa ba."

"To yanzu na ba ka."

"A waya?"

"Kai, Bahillace, Allah ya shirye ka."

"Amin. Ya ƙafa?"

Halliru ya kashe wayar a karo na biyu, amma wannan karon bai kwanta ba. Sufyanu ya ce mahaifin nasa ya daɗe zaune a bakin gado yana kallon bandejin ƙafarsa. Da ma ya san lissafin ba ya fita: albashin ɗansa ba zai ɗauki inshora mai kyau ba, mai arahar kuma ya ga iyakarta. Abin da ya hana shi motsi kabarin matarsa ne da burin a binne shi a ƙasa mai tsarki. Yanzu kuma ga wani tsoho can a bayan Adabka yana sunkuye a gona saboda shi, kuma ya san mutumin sarai, zai yi ta sunkuyo har ya faɗi. Ya ce wa Sufyanu ya fara neman takardun fita. Kafin su taso ya sa aka kai shi Makka, aka tura shi a keken marasa lafiya ya yi ɗawafi, ya yi kuka iya kukansa.

Sun iso Gummi bayan an girbe gero. 'Yan uwa sun share gidan tela, an sake yaɓe katangar da ta zube. Labbo bai zo tarya ba. Sai bayan 'yan kwanaki, da hantsi, unguwa ta ji kukan shanu a lungu, mutane suka fito ƙofar gida. Ga Labbo a gaba da sanda a kafaɗa, ya rame, ƙafafunsa sun yi futu-futu, a bayansa garke guda duk masu tsaga a kunnen hagu, sun cika lungun har bakin masallaci. A hannunsa yana riƙe da wata karsana mai farin goshi, kuma igiyar da ke wuyanta tsohuwa ce, ta yi baƙi, an ƙulla ta a wurare da yawa.

Aka fito da Halliru yana dogara sanda. Suka tsaya suna kallon juna. Rabonsu da haɗuwa tun suna da baƙin gemu.

"Bawa, ka tsufa."

"Kai kuma ka ƙara baƙi. Wannan ce Wule?"

"Wule ta mutu tun kana da yatsu goma. Igiyarta dai ta."

Mutane suka yi dariya, Halliru ma ya yi, duk da idanunsa sun cika. Labbo ya miƙa igiyar da hannu biyu, Halliru ya karɓa. Labbo ya saki wani dogon numfashi, ya nemi dakali ya zauna, ya ce a ba shi ruwa.

Halliru ya tsaya da igiya a hannu yana duban garken da bai san sunan ko ɗaya a ciki ba. Ya kira Sufyanu ya ce ya zaɓo bijimai biyu mafiya ƙarfi. Sufyanu, wanda bai taɓa kusantar saniya ba, ya nuna wata mai ciki, lungu ya sake kecewa da dariya. Labbo ne da kansa ya tashi ya nuna su.

"Waɗannan naka ne, na huɗa," in ji Halliru. "Ga hannuna, ga shaidu, ba waya ba ce."

"Na amsa."

"Sauran kuma ina zan kai su? Ɗakin Inna?" Ya miƙa masa tsohuwar igiyar. "Haɓɓanaye. Sabuwa."

Labbo ya dubi igiyar. "Da sharaɗi. Kana nan Gummi inda ƙafata ka iya kai. In magani ya ƙare ka aiko, in koro ɗaya har ƙofar ga, ka ɗora mata hannu, sannan a kai kasuwa."

"Wato ko da shanuna sai na nuna kati."

"Wanga katin na haihuwa."

Haka suke yi tun daga lokacin. Ba a ce komai ya yi daidai ba. Asibitin da ke duba ƙafar Halliru yana Sakkwato, hanya ce mai gajiyar da mai lafiya ma. Wutar lantarki ba ta zama, don haka allurarsa a cikin 'yar tukunyar ƙasa ake ajiye ta, a binne a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa. Sufyanu ya koma bakin aikinsa, yana kira duk Juma'a. Akwai ranakun da Halliru yakan zauna a zaure ya fuskanci gabas ya yi shiru, kowa ya san inda zuciyarsa take. Labbo kuma ya matso da garken kusa da fadamar Gummi saboda ɓarayi, ya bar tsamiyarsa da gonarsa a hannun 'ya'yansa, abin da bai taɓa zaton zai yi ba.

Mutanen Adabka sun rabu a kan abin da ya yi. Wasu suna cewa taurin kai ne ya ci yatsan mutum. Dija tana cewa tun farko dabara ce, so yake ya jawo ɗan uwansa gida. Shi kuwa idan aka tambaye shi sai ya ce shi bai san wata dabara ba, igiya aka ba shi, igiya ya mayar.

A watan cika-ciki na shekarar da ta biyo, Labbo ya shigo gari da ƙwaryar kindirmo da Dija ta aiko. Ya tarar da Halliru a zaure ya miƙe ƙafa a kan buzu, yana jiransa da tafin hannu a buɗe, domin watan da taubasai ke karɓar kuɗin shara ne.

"Kuɗin shara, ubangida. Na shekara talatin da ban karɓa ba."

Labbo ya ajiye ƙwaryar, ya zauna, ya jawo ƙafar ya duba wurin aikin da kyau kamar yadda yake duba kofaton saniya. Ya ga ya bushe sarai. Sannan ya laluba aljihu ya ciro goro ɗaya, ya raba biyu, ya ba shi ƙaramin ɓarin.